Tuta ta Shida

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Wasu mutum biyu sun zo daga hukumar da ke kula da wasannin kwalejoji. Sun kama ɗaki a masaukin bakin titi. Kafin su gama karin kumallo duk garin Ashby ya san launin takalminsu.

Mijina Wendell ya ce ba komai. Tambayoyi ne kawai a kan jarrabawar Curtis, dogon yaron nan da ya ci mana gasar ƙwallon kwando ta bara. Mijina shi ne ƙarami cikin mataimakan Koci Varner. Shi ke tashin yara da asuba, shi ke raka su aji, shi ke riƙe allon da Koci ke zane a kai. Na ce to kai ina ruwanka a ciki? Ya ce, "Ba komai, Ronnie. Kin goge mini jar rigar nan?"

Na goge. Na koma kan littafina. Wata mai aikin jinya ce ta kamu da son direban jirgin ruwa, an yi masa ƙazafi, shi kuma bai san ita kaɗai ta ga abin da ya faru ba. Na san yadda zai ƙare, amma haka nan zuciyata ke bugawa.

Laraba, bayan an tashi wasa

Mun ci da tazara mai yawa. Ban ga rabin wasan ba.

A layinmu na matan kociyoyi, bayan bencin 'yan wasa, Patrice ce ta fasa mini ƙwan. Mijinta ya daɗe a nan, ita kuma bakinta ba ya riƙe ruwa. Ta matso kamar za ta gyara mini gyale, ta ce, "Ke 'yar littafi, sauko daga gajimare ki ji. In aka gano Koci ya san an yi maguɗi a jarrabawar Curtis, duk wasannin bara an soke su. Kamar ba a buga ba. Waccan kuma," ta yi nuni da haɓa sama, "a sauke ta."

Na ɗaga kai. Tutoci shida a rataye a jikin ƙarafan rufi. Ta shidan ko shekara ba ta yi ba, ja zur, sauran duk sun koɗe.

Na ce in kuma bai sani ba fa?

Ta ce, "To ai sai a samo wanda ya sani shi kaɗai." Ta juya ta hau tafi.

Mis Jeanette, matar Koci, ta waiwayo ta yi mini murmushi. Ta ce jan nan ya karɓe ni.

Alhamis, da azahar

Wendell bai ci abincin rana ba. Ba komai.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Yau na tashi da tunanin ranar da ya fara fita da ni. Na ɗauka gidan sinima za mu. Sai ga mu a zauren wasa, ba kowa, ya ari mabuɗi wajen mai gadi. Ya tsayar da ni a tsakiyar fili ya ce in dubi sama. Tutoci biyar ne lokacin.

Ya karanto mini su kamar mai addu'a. Ta farko ta samarin da suka dawo daga yaƙi ce, a rumbun ciyawa suke atisaye, wani malamin lissafi ke koya musu don babu wanda zai yi. Ta biyu ta shekarar da dusar ƙanƙara ta tsare jirgin ƙasan da suke ciki, suka sauka suka taka har garin da za a yi wasan, suka ci da ƙafafu a kumbure. Ta uku ita ce lokacin da aka fara sa baƙaƙen yara a ƙungiyar, rabin gari ya yi fushi, da aka ci kuma kowa ya ce dama shi yana goyon baya. Ta huɗu da ta biyar na Koci Varner ne. Ya faɗa mini sunan kowane yaro, da garinsu, da hannun da yake jifa da shi. Ya nuna mini inda ya zauna shekara huɗu a ƙarshen benci. Ba a cika sa shi a wasa ba, amma ko alamar kunya babu a muryarsa.

Ni kuwa ban ji rabin abin da ya ce ba, bakinsa nake kallo. Na ce a raina, namijin da ya iya son abu haka, ranar da ya juyo da son nan kaina na warke.

Shekara uku ke nan ina jiran ya gama juyowa.

Litinin, da yamma

A shagon magani inda nake aikin rabin yini, tsoho Orville ya zo karɓar maganin hawan jininsa. Tun ana wasa a rumbun ciyawa yake kallo, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Ya ce, "Matar ƙaramin koci, yaya maigidan? Yana dai barci?"

Na ce lafiya lau yake, Mista Orville.

Ya ce, "Madalla. Yaron kirki ne. Ki gaya masa na ce tutar nan ba ta Varner ba ce, ba tasa ba ce, tamu ce. Matata ta rasu tana jiranta. Tsani ba zai hau rufin nan don saukewa ba, ni dai ina da rai."

Na ce da wannan jinin naka ai gara ka rage hawan tsani.

Ya yi dariya har da tari. "Ji baki! Wendell ya auro barkono." Ya ɗauki maganinsa, ya tsaya a ƙofa, dariyar ta ɗauke. "Ki dai gaya masa."

Ban gaya masa ba.

Laraba, da safe

Ranar Asabar ɗin da masu binciken ke ta tambaya a kai, ranar jarrabawar Curtis, Wendell yana kan rufin gidan Mama yana toshe yoyo. Ni ce na riƙe masa tsani. Tafiyar awa uku ce daga nan. Mama ta yi mana wainar masara, ya buge babban yatsansa da guduma, farcen har yau baƙi ne.

Na rubuta ne kawai don in ga yadda zai zauna a takarda.

Lahadi, 16 ga wata, da la'asar

Cin abinci gidan Koci bayan coci, kamar kowace Lahadi. Naman sa, dankali, koren wake. Koci ya sa albarka, ya daɗe yana yi, ya roƙa wa iyalin nan haɗin kai. Kullum haka yake kiranmu, iyali. Da aka gama ya dafa kafaɗar Wendell ya ce, "Ɗana, zo ka ga wani abu." Suka sauka ɗakin ƙasa suka ja ƙofa.

Wendell yana ɗan shekara goma sha bakwai babansa ya rasu. Koci ne ya je har gonarsu, ya zauna a ɗakin girki da uwarsa, ya ce a ba shi yaron. Labarin nan na ji shi ya fi a ƙirga. Ban taɓa jin sa ya yi mini nauyi kamar yau ba.

Ni da Mis Jeanette muna wanke-wanke. Tana wankewa ina gogewa. Sai ta ce, "Ba ki san Dale ba ko? Kafin ki zo ne. Shi ma ya yi mana aiki. An samu wata 'yar matsala irin wannan, ya tsaya kamar namiji. Har yau ba a ambaton sunansa a gidan nan sai da alheri."

Na ce yana ina yanzu?

Hannunta cikin kumfa ta ce, "Can yamma, ina jin. Tayoyin mota yake sayarwa, ko injinan gona. Duk Kirsimeti muna aika masa kati."

Na ce Mis Jeanette, wannan farantin bai fita ba. Na mayar mata.

A mota na dubi Wendell. Idonsa ja. Na ce me ya nuna maka? Ya ce hotuna ne.

Litinin

Hotuna.

Talata, da magariba

Mun yi faɗa. Shi ne na farko da ya amsa sunansa faɗa.

Na ce Wendell, kana kan rufin Mama. Ya ce ya sani. Na ce to ka faɗa musu. Ya ce, "In ba ni ba ne, wa ke nan, Ronnie? Faɗi sunan. Faɗa mana." Na faɗa: Koci. Ya tashi ya rufe tagar ɗakin girki, kamar maƙwabta na laɓe cikin dusar ƙanƙara.

Ya ce Koci ya yi alkawari. Shekara biyu kawai zai yi nesa da fili, daga nan Koci zai ɗaga waya ya kira wani abokinsa, a ba shi aiki a wata kwalejin. Ya ce haka ake yi, ko'ina haka ake yi, ƙarami ke ɗauka don gidan ya tsaya. Ya ce yaran nan sun zubar da gumi, Curtis ya buga wasan ƙarshe da karyayyen yatsa, sai a ce ba su ci ba?

Na ce kai kuma a ce ka yi abin da ba ka yi ba?

Ya ce, "Ni mutum ɗaya ne."

Na ce mu biyu ne, ko ka manta? Sunan nan da za ka jefa a kwata nawa ne ni ma, a coci ka ba ni shi. Na ce zakaran gwajin dafi suka mai da kai, kai kuma har da cara.

Ya ce, "Littattafan nan sun lalata miki kai. Kina tsammanin zan miƙe a gaban jama'a in yi jawabi, a yi tafi, ki suma a hannuna?"

Abin haushin shi ne, eh, haka nake tsammani. Har rigar da zan sa na zaɓa.

Kafin ya fita ya ce, "In kika buɗe baki wajen mutanen nan, ki sani da hannunki kika binne ni. Ba zan iya kallon kowa a garin nan ba." A hankali ya faɗa. Gara da tsawa ya yi.

Alhamis, da hantsi

Ɗaya daga cikin masu binciken ya shigo shago, mai furfurar. Mura ke damunsa. Ya sayi alewar tari da hankici. Babu kowa sai ni da shi. Ya dubi sunan da ke maƙale a rigata, ya dube ni, ya ce, "Misis Pruitt?" Na ce ni ce. Ya ce garinku akwai sanyi. Na ce haka yake.

Bai tafi ba. Ya tsaya yana ɓare alewa a hankali, kamar mai ba ni lokaci.

Mai aikin jinyar nan ta littafina, a irin wannan wurin ta ce, "Ranka ya daɗe, dakata." Kalma huɗu. Na ji su a maƙogwarona, har da ɗanɗanonsu.

Na ce Allah ya sawwaƙe mura.

Juma'a

Na kasa karatu. Layi ɗaya nake ta maimaitawa.

Asabar, bayan wasa

Mun sake ci. Aka kira tsofaffin 'yan wasa tsakiyar fili lokacin hutu, wasu da sanda, wani a keken guragu. Mai sanarwa ya karanto shekarun tutoci, jama'a na amsa kowace da ihu. Da ya zo ta shida sai duk zauren ya miƙe, suka daɗe suna buga ƙafa har benci na rawa a ƙarƙashina. Na san da wa suke. Masu binciken suna zaune a can sama.

Wendell yana gefen Koci da allonsa. Shi ma tafi yake.

Patrice ta riƙe mini hannu ba ta ce komai ba. Patrice fa. A nan na tsorata.

Talata, 25 ga wata, da azahar

Mis Jeanette ta kawo mana abinci. Kaza da taliya da cuku, ta gasa da kanta, da zafinsa.

A Ashby mace ba ta kai wa 'yar'uwarta abinci sai a kwanon tangaran nata na gida, da sunanta manne a gindinsa. Ki ci, ki wanke, ki zuba wani abu a ciki ki mayar, ita ma wata rana ta sake aiko miki. Kwanon Mis Jeanette mai shuɗin fure ya yi zuwa gidan nan ya fi sau goma: ranar da muka tare, lokacin da na yi ɓari, lokacin da Wendell ya yi zazzaɓi. Patrice ta taɓa ce mini muddin kwanon wata na hannunki ba ku rabu ba.

Yau a farantin dalma ta kawo, marar nauyin nan da ake ci a jefar.

Ta miƙo mini a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ce, "Kar ki wahalar da kanki da mayarwa, 'yata." Ta sumbace ni a kumatu. Turarenta har yanzu yana jikin rigata.

Gobe ne Wendell zai zauna da masu binciken. Bai riga ya ce komai ba. Ni kaina bai gaya mini abin da ya yanke ba. Amma an riga an gasa kazar.

Talata, da yamma

Ya ci faranti biyu. Ya ce ba wanda ya kai Mis Jeanette iya wannan girkin. Bai ma lura da abin da aka zubo a ciki ba. Maza ba sa ganin kwano.

Na ce Wendell, don Allah. Ya ce, "Ba komai, Ronnie."

Laraba, da safe

Ya sa kwat ɗin aurenmu. Ni na goge.

Laraba, da la'asar

Ya dawo.

Ya zauna a mota a ƙofar gida ya daɗe kafin ya shigo. Da ya shigo kuwa fuskarsa wasai, kamar wanda ya sauke kaya. Ya gaya musu shi kaɗai ya yi, Koci bai sani ba. Ya ce Koci yana jiransa a baranda, ya rungume shi gaban kowa, ya ce masa, "Ba zan manta ba, ɗana." Sau biyu ya maimaita mini. Ba zan manta ba, ɗana.

Na ce ka ci abinci?

Juma'a, da safe

Jarida ta buga. Hoton da suka sa na ranar da aka ɗaga tuta ta shida ne, yana dariya, sun yanke sauran mutanen da ke gefensa. Koci ya ce zuciyarsa ta karye, yaron da ya ɗauka kamar ɗansa. Kwalejin ta ce ta ɗauki mataki nan take. Tutar tana nan.

Mama ta kira. Ta ambaci cikakken sunana, ta ce, "Rhonda, wace Asabar suke nufi? Ba ita ce ranar da…" Na ce Mama, madara na tafasa a wuta. Ta ce, "Ke, ni na haife ki." Na ajiye waya.

Litinin, 3 ga Maris, da yamma

Orville ya zo shago. Bai tsokane ni ba, bai kalle ni ba. Ya ce wa mai shagon, da ƙarfi don in ji, "Baragurbi ɗaya ya kusa ɓata mana shekara arba'in." Shi da ya aiko ni da saƙo. Na rasa ko ya san gaskiya yana wasan kwaikwayo ne, ko kuwa tuni ya yarda da abin da ya roƙa. Ina jin na biyun ne. Haka garin nan yake samun barci.

Mai shagon ya ce in ɗan huta zuwa bazara.

Laraba

An hana shi shiga zauren. Mabuɗinsa ya kai musu da kansa, don kada a ce sai da aka aiko.

Yana zaune a ɗakin girki yana zana dabarun wasa a bayan ambulan. Na ce wa kake zana wa? Ya ce ƙungiyar da za su kara da ita ranar Asabar tana da rauni ta hagu, ya kamata wani ya gaya wa Koci. Ya kira ofis. Sakatariya ta ce Koci yana taro. Ya sake kira da yamma. Yana taro.

Alhamis, da hantsi

Na zuba littattafaina a kwali na kai ɗakin wankin kaya na unguwa, na ajiye a kan benci, duk mai so ya ɗauka. Na dawo gida na zauna. Na koma na kwaso su. Ba su yi mini laifin komai ba. Su aƙalla tun a bango suke gaya maka ƙarya ce.

Patrice ta zo taya ni ɗaure kaya. Ta bayan gida ta shigo. Ta ce mijinta ya ce kada a ga motarsu a nan har a gama gasa. Ta yi kuka, ta naɗe mini kofuna a jarida, har da wadda ke da hotonsa. Ta ce, "Ke 'yar littafi, ki riƙa rubuto mini." Na ce to. Mu duka mun san yadda katin Kirsimeti yake.

Asabar, 8 ga Maris, da yamma, a gefen hanya

A cinyata nake rubutu, cikin mota. Za mu wajen Mama. Ƙanenta ya ce akwai aiki a wurin ajiyar hatsi, in Wendell na so.

Da azahar muka bar Ashby. Gari fayau, kowa ya tafi wasan ƙarshe, jajayen ƙyallaye a kowace ƙofa. Bai kalli zauren ba da muka wuce, na ji daɗin wannan. Na ce a raina ko an fara warkewa ne.

Da muka hau babban titi sai ya kunna rediyo. Ban hana ba. Muka yi ta tafiya, mai sharhi na ihu, gonaki na wucewa. Bayan mun haye gadar kan iyakar jiha muryar ta fara shaƙewa, tana zuwa tana ɗaukewa. Ya murɗa, ya bubbuga, ba ta dawo ba. Saura 'yan mintuna a tashi, ana kunnen doki.

Sai ya juya motar. Da katifarmu a ɗaure a sama, da kujeru, da komai. Ya koma baya har inda muryar ta fito tas, ya gangara gefen titi ya kashe inji.

Nan muke. Manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Ya kifa goshi a kan sitiyari, yana magana da yaran da ba sa jin sa. "Ta hagu, Curtis. Ta hagu, na ce!" Baƙin farcen nan nasa yana ta ƙwanƙwasa gilashi.

Yanzu aka busa. Ya daki rufin mota, ya kamo ni ya girgiza har alƙalamina ya ja layi a takarda. Hawaye shaɓe-shaɓe.

"Mun ci, Ronnie! Ta bakwai! Mun ci!"

Na ce tada motar, Wendell. Mama na jira, kuma duhu ya kusa.